Satifiket na yabo ga yaran Islamiyya da malamansu: a waya zan haɗa ko shago zan kai?

Malamar Aji Huɗu, Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Islamiyyarmu za mu yi walima a Sha'aban kafin a tafi hutun azumi, kuma kwamiti sun ɗora min aikin satifiket saboda wai ni ce mai taɓa waya. Kashi uku ake so, na 'yan sauka su 23, na yabo ga ƙananan aji waɗanda suka yi ƙoƙari, sai kuma na malamai guda tara da iyayen yara suke so a karrama. Na shiga Canva, manhajar tsara zane, na ga irin waɗanda aka riga aka tsara, suna kawai za ka canza, wasu sun yi kyau wallahi amma duk da Turanci suke kuma wasu da hoton balan-balan da hular 'yan jami'a, ni kuma so nake a yi Hausa da ɗan Larabci a sama. To abin da ban gane ba, in na haɗa a waya zai fito da kyau in an buga, ko gara in kwashi sunayen in kai wa masu shago su yi komai? Wace irin takarda ake sawa? Sannan me ake rubutawa a ciki, don hedimastanmu cewa ya yi a rubuta "ya nuna hazaƙa da ladabi" a na kowa a wuce wurin, ni kuma abin bai kwanta min ba. Kuɗin da aka ware ba yawa, karo-karo ne iyaye suka yi. Na gode.

Mai shagon bugu, Fagge:

Wa'alaikumus salam Malama. Wannan aikina ne kullum, musamman Rajab da Sha'aban ba ma hutawa. Amsa a gajarce: ki haɗa a waya ba laifi, amma ki san yadda za ki turo shi.

Abu na farko tun kafin ki fara ki zaɓi girman A4 a kwance, wato santimita 29.7 a faɗi da 21 a tsaye, don wasu daga cikin na Canva ɗin an yi su ne da ma'aunin takardar Amurka wadda ta fi tamu gajarta ta fi ta faɗi kaɗan, in muka buga sai ki ga gefe ɗaya ya bar fili ko adon bakin ya yanke. Kuma kar ki kai ado can ƙarshen takarda, ki bar kamar santimita ɗaya kowane gefe, yawancin ƙananan firinta ba sa buga har baki. In kin gama ki sauke shi a PDF, ba hoto ba, kuma dan Allah kar ki ɗauki hoton fuskar waya ki turo, wannan shi ne yake sa mu faɗa da kwastoma kullum, WhatsApp yana matse hoto sai rubutu ya fito dishi-dishi a ce injinmu ne ba kyau. Ki tura shi a matsayin fayil ta wurin alamar nan ta maƙala takarda, shikenan yadda kika yi shi haka zai iso.

Takarda kuma, wadda ake fotokwafi da ita giram 70 ko 80 ce, ba ta satifiket ba ce, kafin yaro ya kai gida ta yamutse. Ki ce a sa miki kati mai giram 200 zuwa 250, mara sheƙi. Mai sheƙin yana da kyau a ido amma biro ba ya kama shi sosai, hatimin makaranta ma sai ya goge in aka taɓa kafin ya bushe. Na 'yan sauka da malamai in da hali a sa mai ruwan madara ɗin nan mai ɗan kaushi, na ƙananan aji farin kati ya isa. Ki tambaya ma wane inji za su sa, mai tawadar ruwa in ɗigon ruwa ya taɓa shi sai ya zuba, mai garin tawada ya fi jure wahala. Sannan ruwan zinaren da kike gani yana walƙiya a waya, a takarda ruwan ƙasa-ƙasa zai fito, firinta ba ta da tawadar zinare, in kina son walƙiya sai dai ki sayi tambarin nan zagayayye mai gam a manna a ƙasa, ana sayar da shi a shagunan kayan rubutu a Sabon Gari.

Inda aka fi shan wuya shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin rubutun ado mai jan wutsiya ɗin nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ki rubuta Ɗahiru ko Ƙasimu harafin farko ya zama akwati ko ya fito da wani salo daban da sauran. Ki gwada salon da waɗannan haruffan tun farko, in ya ƙi ki canza, Times New Roman da Arial da dangin Noto duk suna ɗauka. Larabci ma haka, in aka kwafo shi aka zuba a tsohuwar manhajar zane ta CorelDraw sai haruffan su rarrabu su juya baya, yaron shago da bai iya karantawa ba ba zai lura ba, shi ya sa PDF ya fi, yana kulle komai a inda yake.

Maganar sunaye 23 kuma ba sai kin zauna kina canzawa ɗaya bayan ɗaya ba, in za a samu kwamfuta a jera sunayen a Excel, Word yana da hanyar da zai ɗebo su ya zuba kowanne a shafinsa. Amma kafin a buga duka a fitar da guda ɗaya tak ki riƙe a hannu ki duba.

Tsohon hedimasta, Gwale:

Malama sannu da ƙoƙari. Ɗan'uwa mai shago ya gama da ɓangaren inji, ni kan rubutun zan yi magana, kuma ina bayanki, ki gaya wa hedimastanku cikin ladabi cewa jimlar nan tasa ba ta ce komai ba. In yara arba'in duk suka koma gida da "hazaƙa da ladabi", su kansu kafin su fita ƙofar makaranta sun haɗa takardun sun ga iri ɗaya ne, yaro ba shi da wauta irin yadda muke zato. Abin da yake sa uba ya saka takarda a firam shi ne ya karanta ya ga ɗansa a ciki. Ki rubuta abin da yaron ya yi da sunansa: ta haddace daga Nasi zuwa Amma a wannan shekara, bai yi fashi ko sau ɗaya ba a zango uku, ya fi kowa gyara rubutunsa tsakanin farkon shekara da ƙarshenta, ita ce take riƙe wa ƙananan yara layi in an tashi. Layi ɗaya ne, kuma malamin aji ya fi kowa sanin abin da zai sa, ki raba musu takarda kowa ya rubuto na yaransa, aikin ma ya ragu a kanki.

Amma fa ban yarda a ba kowa da kowa ba. Yanzu an shigo da wani yayi, 'yan nazare ma sai an sa musu riga da hula an ba su satifiket, har wanda bai zo makaranta rabin zango ba. In kowa ya samu to ba yabo ba ne kuma, rasit ne na kuɗin walima.

Sai suna. Wannan ki riƙe shi da kyau musamman na 'yan sauka, don takardar sauka ana ajiye ta shekaru, wani har neman koyarwa yake zuwa da ita. Kar ki ɗauki suna daga bakin yaro ko daga rajistar aji, a rajista za ki ga Ummi da Abba da Walida da Khalifa, alhali sunan yanka daban. Ki aika wa iyaye su rubuto yadda yake a takardar haihuwa ko ta NIN, harafi da harafi, don Muhammad da Mohammed da Muhammadu a wurinmu mutum ɗaya ne amma a wurin ma'aikacin ofis mutum uku ne. Kowane satifiket na sauka ki ba shi lamba, a rubuta lambar da sunan a wani littafi da zai zauna a ofis, ranar da ta wani ta ɓace ko ruwa ya ci akwai inda za a duba. Kuma sa hannu biyu, na shugaban makaranta da na malamin da ya saurari karatun, da hannu za su sa ba a buga da inji ba.

Maman 'yan biyu, Ɗorayi:

Baba hedimasta Allah ya ƙara girma, komai na yarda banda maganar kar a ba kowa da kowa. Su manya eh, amma 'yan shekara biyar shida fa? Yarinya tana zaune ana ta kiran suna ana tafi har aka tashi ba a kira ta ba, uwarta na cikin rumfa tana kallo, wallahi ranar ba a cin abinci a gidan. Ai kai da kanka ka kawo maganin, tunda abin da yaro ya yi za a rubuta to da wuya a rasa abu ɗaya na gaskiya a kan kowane ƙaramin yaro, ko da iya Fatiha ce ba gyara. Wanda bai zuwa makaranta kam ban ce a ba shi ba.

Ni a gida ma ina yi. Azumin bara da 'yan biyuna suka fara kai wa magariba na haɗa musu a waya, na bar gurbin adadin azumin babu komai, ranar sallah babansu ya cike da biro ya sa hannu a gaban kakarsu, na Hassana daban na Hussaina daban don ba su yi daidai ba, kuma ba wanda ya yi kuka. Na yi wa surukata ma da ta sauke a makarantar matan aure. Malama shawarata na ƙananan ajin ki buga su da gurbi a bar wurin suna da dalili fari, a samu mai kyan rubutu a cikin malamai ya cike, ya fi arha don bugu iri ɗaya ne, kuma in an manta da wani yaro ranar walima kina da saura a jaka.

Malamin firamare, Kurna:

Ni dai a madadin malamai tara ɗin nan nake magana 😂 Malama a gaya wa iyayen yara satifiket yana da kyau, yabon gwani ya zama dole, amma a haɗo shi da ambulan ko turmin shadda daga Kwari. Ina da guda huɗu a bango, duk 5 ga Oktoba in an yi Ranar Malamai ta Duniya sai an ƙaro, mai kanti bai taɓa karɓar ko ɗaya a madadin kuɗi ba. Da gaske kuma, a na malamai a rubuta shekarar da mutum ya fara koyarwa a makarantar da darasin da yake ɗauka, wanda ya shekara goma sha biyar yana Tajwidi bai kamata takardarsa ta zama ɗaya da ta wanda ya zo bara ba.

Almajirin tsangaya, Ƙofar Mazugal:

Salamu alaikum. Malama tunda kin ce za ki sa Larabci, ina roƙon a yi hattara da sa ayoyi. Na 'yan sauka za a adana, amma na ƙananan yara kin san inda suke ƙarewa, wani a ƙasan jaka tare da ragowar awara, wani a tsakar gida ƙanensa ya yaga, kwana biyu ki gan shi a kwata. Sunan makaranta da "shahadar yabo" da Larabci ya wadatar a nasu. Na sauka in za a sa Basmala ko aya, a kwafo daga mus'hafi ingantacce kuma wani mahaddaci ya duba wasullan bayan an buga gwaji, don inji yana iya ture wasali daga kan harafinsa. A rubuta kuma ruwayar da yaro ya yi karatu da ita, Hafsu ce ko Warshu, da cewa sauka ce ta duba ko hadda ce ta izu sittin, waɗannan ba abu ɗaya ba ne kuma na sha ganin takardar da ta cakuɗa su.

Mu a wurinmu dama allon zayyana shi ne shaida, mai zayyana ya ƙawata shi da launuka a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ɗalibi ya riƙe ya karanta a gaban malamai da iyaye. In makarantarku za ta iya, a haɗa biyun, har zanen bakin satifiket ɗin a ɗauko salon zayyanar maimakon balan-balan ɗin da kika ce.

Kwanan wata na Hijira kuma kar ki dogara da kalandar waya, sau da yawa tana saɓawa da sanarwar fadar Sarkin Musulmi da kwana ɗaya, tunda bugu za a yi tun kafin ranar ki sa wata da shekara kawai.

Malamar Aji Huɗu, Gwammaja:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Na tura wa iyayen 'yan sauka saƙo a guruf su turo hoton takardar haihuwa, na ƙananan aji kuma zan bi ta Maman 'yan biyu a bar gurbi. Maganar wa za a ba wa ba za a ba ba na bar wa kwamiti su da hedimasta. Malam na Kurna saƙonka zai isa amma ban yi alkawari ba 😄 Saura abu ɗaya, mai shago, leda fa? Wasu iyaye sun ce a manne su da ledar nan mai zafi.

Mai shagon bugu, Fagge:

Na yara ki manne, ya fi musu. Amma sai an gama cike suna an sa hannu an buga hatimi ya bushe, in an riga an rufe ba gyara sai sabon bugu. Na sauka da na malamai ni ban ba da shawara ba, in ta shiga leda ba a ƙara hatimi a kanta kuma ba ta ɓaruwa sai ta ɗauko rubutun, ki sa su a jakar leda mai buɗewa ko firam. Kuma ki kawo aikin da saura sati guda aƙalla, satin walima layi ne, ga wuta ba tabbas, in muka tada janareta kuɗin bugu yana ƙaruwa.