Rufin majami'ar Cluny da ya rufta a 1125: laifin magina ne ko na tsarin ginin?

Ɗalibin_Zane:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambayata a kan gidan sufayen Kirista mabiya ƙa'idar waliyyi Benedict ne da ke Cluny, yankin Burgundy a Faransa, wanda aka kafa a 910. Majami'arsu ta uku, da aka aza harsashinta a 1088, tsawonta ya kai mita 187, rufin tsakiyarta kuma kusan mita 30 daga ƙasa. To ga shi wani sashe na rufin ya rufta a 1125. Ganganci magina suka yi, ko tsarin ne tun farko ba zai ɗauka ba?

Tsohon_Magini:
Wa alaikumus salam. Matsalar a tsarin take, Malam. Rufin dutse mai siffar rabin ganga ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, tura bangon nan biyu yake yi waje, kuma a duk tsawonsa. Iya nisan da ka yi da shi sama, iya sauƙin da bango zai yi ya buɗe. Shi ya sa a majami'ar Saint-Sernin ta birnin Toulouse aka ɗora bene a kan hanyoyin gefe ya tokare rufin, aka haƙura da duhu a tsakiya.

A Cluny kuwa haske suke so. Suka jera tagogi uku-uku tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, daidai ƙarƙashin gindin rufin, wato suka huda bango a wurin da ya fi bukatar kauri. Ba wai ba su san haɗarin ba. Sun yi baka mai tsini a sama maimakon rabin da'ira, don tsinin yana karkata nauyi ƙasa, amma ragewa kawai yake yi. Sai ka haɗa da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda ke daɗewa ƙwarai bai gama ƙanƙamewa ba. Da an zare katakon da ke riƙe da bakan, ginin zai fara zama. Bango ya ɗan kauce, ƙoƙon rufi ya sauko, tsaga ta bi tsawonsa, daga nan sai ruftawa. Daga baya aka ƙara masa bakunan tokare ta waje.

Mai_Tarihi:
In ƙara a kan bayanin Baba Magini, a dubi kuɗin da gaggawar. Shugaban gidan, Hugh, ya dogara sosai da zinariyar da Sarki Alfonso na VI na Leon da Kastil ke aikowa, wadda asalinta harajin da yake karɓa ne daga ƙananan sarakunan Musulmin Andalus. Shekara bakwai kacal da fara aiki, a 1095, Fafaroma Urban na II, wanda shi ma tsohon sufin Cluny ne, ya keɓe babban bagadin. Kuma 1125 shekarar rikici ce: Pons, shugaban da ya sauka a 1122, ya dawo ya ƙwace gidan da ƙarfi. Duk da haka gyaran bai ja lokaci ba, a 1130 Fafaroma Innocent na II ya keɓe majami'ar baki ɗaya.

Ɗalibin_Zane:
Allah ya saka da alheri. Gyaran ya riƙe kuwa?

Mai_Tarihi:
Ya riƙe fiye da shekara 600, majami'ar kuma ba ta da ta biyu a girma a yammacin Turai sai da aka sake gina majami'ar Saint Peter ta Roma. Bayan juyin juya halin Faransa aka sayar da ita a 1798, masu saye suka mai da ita wurin haƙar dutse, suna fasawa suna sayarwa. Abin da ya rage bai fi kashi 10 cikin 100 ba, mafi girmansa reshen kudu na babban sashen gicciye (ɓangaren da ya gitta tsawon majami'ar) da hasumiyarsa mai kusurwa takwas. Yawancin zanen da za ka gani na cikakken ginin daga tonon da Kenneth Conant, Ba'amurke, ya yi tsakanin 1928 da 1950 ya samo asali, kuma akwai hasashensa a ciki, don haka ka riƙa bambance abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta.