Saƙon gargaɗi ya ƙi dawowa bayan an rufe shi, a taimaka

Ɗan Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wani ɗan shafi nake haɗa wa kawuna, yana harkar aika kaya daga nan Jidda zuwa Kano, dabino, jallabiyoyi, darduma, irin tsarabar da masu umara ke bar masa in kilo ya yi musu yawa a jirgi. Akwai fom da mutum zai cike, in ya manta lambar waya sai wani jan akwati ya fito a sama ya ce "ba ka sa lambar waya ba". Karon farko lafiya lau yake fitowa amma da zarar an danna ɗan x ɗin nan an rufe shi to shikenan, ko sau goma aka sake kuskuren ba ya ƙara leƙowa sai an sake loda shafin. Bootstrap 5 nake amfani da shi, wato tarin shiryayyun kayan tsara shafin intanet. Kwana biyu kenan ina fama wallahi, ga kawu ya matsa min a gama kafin azumi.

Ɗalibin Madina:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ai Bootstrap ba ɓoye akwatin yake ba, cire shi yake ɗungurungum daga shafin, danna F12, maɓallin da ke nuna abin da ke cikin shafin a burauza, bayan ka rufe ka duba da idonka, ba za ka same shi ba. To me JavaScript ɗinka, wato umarnin da ka rubuta don fito da akwatin, zai nuna tunda babu shi? Ka goge data-bs-dismiss="alert" daga jikin maɓallin, ka rubuta naka, wajen rufewa akwati.classList.add("d-none") wajen nunawa kuma classList.remove("d-none"), shi d-none ɓoye akwatin kawai yake ba cire shi ba.

Ɗan Jidda:
Allahu akbar ya yi!! Allah ya saka da alheri malam. To in ina so ya ɓace da kansa fa?

Ɗalibin Madina:
Yi amfani da setTimeout, agogon da ke jinkirta umarni, ka sa masa 5000, daƙiƙa 5 kenan. Amma ka adana shi a wani suna ka riƙa kiran clearTimeout, mai tsayar da agogon, kafin ka nuna sabon saƙo, in ba haka ba agogon farko yana nan yana tafiya, sabon saƙon na fitowa zai zo ya share shi mutum bai ko karanta ba.

'Yar Makka:
Don Allah ƙanina kar ka sa jan ya ɓace da kansa. Koren da ke cewa an karɓa wannan ya tafi ba komai, amma na kuskure ka bar shi har sai mutum ya gyara. Masu aiko wa kawunka kaya yawanci dattawa ne, na zauna kusa da hajiyarmu tana cike irin wannan a waya, kafin ta lalubo tabarau a jaka rubutun ya wuce, ta yi ta danna aika tana cewa wayar ce ta lalace, abin ya ba ni tausayi sosai. Kuma in za ka yi na Larabci ka gwada da dir="rtl", mai sa rubutu ya tafi daga dama zuwa hagu, ka ga ko x ɗin bai hau kan rubutun ba.

Ɗan Jidda:
Gaskiya ne Yaya, jan zai zauna. Na Larabcin ban ma fara ba, gobe in Allah ya kaimu zan gwada a wayar kawu.