Littafin da Muka Biya, Labarin da Muke Nema

'Yar Fagge:
Salamu alaikum. Jiya na gama wani littafin waya, abin ya tsaya mini a rai, shi ne na ce bari in fitar da shi a baiti.

Naira 500 na tura ta katin waya,
Ban tsaya taya littafin ba.
Aka sa ni a zauren WhatsApp, kullum shafi biyu,
Wata uku cur ban tsallake rana ba.
Ina tuƙa tuwo, waya na hannun hagu,
Miya ta kama, ban ji ƙauri ba.
Jarumin na da jirgi, ga gida a Dubai,
Bai taɓa kwana a layin mai ba.
Jarumar fara sol, gashi har gadon baya,
Hayaƙin murhu bai taɓa shiga idonta ba.
Kishiya kuwa kullum tana gidan boka,
Ba a bar mata halin kirki ko ɗaya ba.
Ni da abokiyar zamana shekara 9 ke nan,
Maƙwabta ba su taɓa jin kanmu ba.
Da na haihu ita ta dafa ruwan wankan jego,
Kwana 40 ba ta gaji ba.
Yaya marubuciya, irin wannan matar fa,
Me ya sa ban gan ta a littafi ba?

Uwar Biyu:
Ƙanwata, kukanki ya iso gare ni,
Kuma ban ce kin yi ƙarya ba.
Da babban yatsa nake rubutun nan,
Sai yara sun yi barci, ba da rana ba.
Na taɓa rubuta labarin wata bazawara,
Mai suyar awara, ba mai mota ba.
Kaɗan suka biya, saura suka ce mini,
Wahala suka gudo, ba ita suka zo karantawa ba.
Da na kawo ɗan sarki mai doki da rawani,
Zaure uku ya cika, ban yi talla ba.
Kafin in kai shafi na 20 an fitar da shi,
Ya zaga gari ba da izinina ba.
Ni ke sayen data, ni ke biyan caji,
Wanda ya sace bai ji ciwon ido ba.
Zancen kishiya kam na karɓi gyara,
A na gaba ba zan kai ta gidan boka ba.

Malam na Tudun Wada:
Ku yi haƙuri, zan sauya amsa-amo.

'Ya'yana, zancen littafi ya girme ku,
Tun 1933 aka yi gasa a Zariya.
Littafi 5 suka fito daga cikinta,
Har da na uwa mai neman ɗa a hamada, ta sha wuya.
Da mata suka kama alƙalami a shekarun 1980,
Aka ce adabin kasuwa ne, ya ɓata tarbiyya.
A 2007 har wuta aka cinna wa wasu a Kano,
Wai a raba ɗalibai da karatun soyayya.
Ni kuwa na san matan aure da bokonsu ya zauna,
Ta hayar littafi, sun wuce 'yan aji da tafiya.
BBC ta buɗe gasar Hikayata a 2016,
Gajeren labari, alƙalamin mace ɗiya.
Wanda ya fara cinyewa na sansani ne,
Na 'yan gudun hijira, ba na sarauniya.
Daren da aka karanta shi a rediyo,
Tsit gidana ya yi, hawaye a idon Hajiya.
'Yata, ki sake ɗauko mai awarar nan,
Ni zan fara biya, ba ragi, ba taya.

Ɗan Damagaram:
Baba Malam, gaisuwa daga Damagaram,
Ni tarihi ne abin karatuna.
Na nemi labarin Tanimun da Hausa,
Sarkin da ya sa aka ƙera igwa a garin kakana.
Na Faransanci kawai ake miƙo mini,
Tsohuwata ba ta ji, ga ta zaune a gefena.
Bana na sayi tarihin wani babban mutum,
Bango mai sheƙi, jaka 5 ya ci a aljihuna.
Rabinsa hotuna ne da manyan baƙi,
Rabi kirari irin na ranar suna.
Ba a faɗi inda ya yi kuskure ko sau ɗaya,
To me zan ɗauka in koya wa 'ya'yana?

'Yar Fagge:
Ɗan'uwa, tsohuwarka ta ji a bakin kakanni,
Kunna waya ka naɗa, tun ba ta gaji ba.
Yaya, in kin fara na mai awara,
Sa ni a sahun farko, ba zan fitar da shi ba.
Kuma ki zo Fagge ki wuni a gidanmu,
Abokiyar zamana ta ce ba za ta ɓoye miki komai ba.