Tabarmar yankana ta yi rami, gefe guda kuma ya yi tudu: tana gyaruwa?

Maman 'Yan Biyu, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da aiki. Don Allah shawara nake nema. Ina ɗinka bargon jarirai da zanen gado na haɗe-haɗen ƙyallayen atamfa. Da reza mai taya nake yanka, a kan koriyar tabarmar roba mai layukan awo, ta kamfanin Olfa, babbar nan mai inci 24 da 36. Yayata ce ta kawo min tsaraba, ta kuma daɗe tana min aiki. Yanzu tsakiyarta ta yi fari fat da zaruruwa, sun cushe a cikin tsaga, balle in na yanka faiba, audugar nan da ake sa wa a cikin bargo. Akwai layi biyu da suka yi zurfi, rezar na faɗawa ciki ta daina bin rula, in na ɗaga ƙyalle sai in tarar da zare ɗaya ko biyu bai yanke ba. Ga gefe guda ya yi tudu tun da aka jingine ta a bangon shago da bazara. Kuɗin sabuwa kuwa kun san yadda yake. Tana gyaruwa, ko in haƙura?

Anti Mai Zanen Gado, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kar ki yi saurin haƙura, rabin abin da kike gani dauɗa ce. Ki samu farar kilinar goge fensir ta 'yan makaranta, ki riƙa gogawa kina bin tsayin tsagar, za ki ga zaruruwan suna murɗewa suna fitowa. Wanda ya ƙi fita ki bi shi da tsohon buroshin haƙori, ki ɗauke sauran da salatif.

Sai wanka. Ruwa mai sanyi lita huɗu, farin khal kwatan kofi. Ta jiƙa minti 15 zuwa 20, ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan, ki bi ta da buroshi mai laushi, ki ɗauraye. Babu bahon da zai ɗauki girman taki, kuma kar ki ce za ki lanƙwasa ta don ta shiga. Ni leda mai kauri nake shimfiɗawa a kan tayil, in tokare gefunan da katako ta zama kamar ƙaramin kwami, in kwantar da ita a ciki. Ta bushe a kwance, a inuwa. Ban da ruwan zafi, ban da soson ƙarfe.

Malam Tela, Zariya:
Hajiya, kafin a ɗora wa tabarma laifi a duba reza. Yaushe rabon da a canza ta? Wannan tabarmar hawa-hawa ce, sama da ƙasa roba mai laushi, tsakiya mai tauri. Reza mai kaifi tana raba saman ne siriri, da ta wuce bakin ya koma ya haɗe. Dakusasshiya kuwa sai an danna da ƙarfi, ita ce ke ɗebe naman robar, ramin ya zauna.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki yanka dogon ƙyalle a wajen da tabarmar ke da lafiya. Idan rezarki mai milimita 45 ce, zagayenta ɗaya kusan santimita 14 ne. In kin ga zaren da ya ƙi yankewa yana dawowa duk bayan wannan tazarar, to bakin rezar ne ya ɓalle, wataƙila ta taɓa hawa kan fil ko gefen rula. In kuma a wuri ɗaya kawai yake tsallakewa duk inda kika faro, ramin tabarma ne. Tun 1979 da kamfanin Olfa na Japan ya fito da wannan reza ba a yi ta don ta daɗe kamar almakashi ba, canza ta ake yi.

Ɗan Koyo:
Ranku ya daɗe, ba a iya cike ramin da sufa gulu? Tudun kuma a ɗora tawul a bi da dutsen guga?

Anti Mai Zanen Gado, Kaduna:
Kai yaro, rufa mata asiri! Gulu in ya bushe ƙanƙara yake zama, rezar da ta hau kansa ta gama aiki. Dutsen guga kuma shi ne babban mai kashe tabarmar nan, wuri guda zai yi zafi ya buɗe, kewayensa da sanyi, tudu ɗaya ya zama uku.

Injiniya, Sharaɗa:
Ni ba tela ba ne, aikin roba nake yi, maiɗakina ce ke ɗinki. Ina goyon bayan wankin da Anti ta faɗa, sai dai za ki ji ana cewa jiƙawar tana mayar wa tabarma danshinta har ta koma sabuwa. Ban yarda da wannan ba. Yawancin tabarmin nan na robar da ake kira PVC ne, kuma PVC ba ya shan ruwan a zo a gani. Laushinsa daga wani sinadari mai maiƙo yake da ake cakuɗawa tun a masana'anta, wanda zafi da shekaru ke fitar da shi a hankali. Ya fita, ya fita ke nan. Amfanin wankin shi ne ya kwashe zare da ƙura da suka hana tsagar rufewa, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, musamman bayan hunturu.

Ki danna farce a kusurwar da ba a taɓa yanka ba, ki kuma danna kusa da tsakiya. In duk biyun suna ɗan nutsewa, da sauran ranta. In ta yi tauri, ko tana fitar da ɓarɓashi idan an yanka, kar ki ɓata khal ɗinki. Zurfafan layukan nan biyu kuwa babu abin da zai cike su, gaskiya ɗaya ce. Kuma a kiyaye ta da kananzir, fetur da tinar fenti, suna cin robar su goge layukan.

Hajiya Mai Jakunkuna, Maraɗi:
Batun tudun, zafi ya kawo shi, zafi ne kuma zai kwantar da shi, amma sai ya game ta ko'ina daidai. Ki ɗora ta a kan filawud mai santsi wanda bai karkace ba, ki fitar da su ranar hantsi, ba ta tsakar rana ba. Ki tsaya a kanta, ranarmu ba ta Turai ba ce da ake cewa a bar ta wuni. Da kin taɓa kin ji ta yi ɗumi ta saki jiki, ki ɗauke ta da katakon gaba ɗaya ki shigar ɗaki, ki kifa wani filawud a sama, ki danne da abu mai nauyi ko'ina, buhun shinkafa ma ya yi. Ta kwana haka. Wani lokaci sai an maimaita, wani tudun kuma raguwa kawai yake yi.

Bayan nan ki ɗora rular ƙarfe ki duba layukan awon, don robar da ta sha zafi kan ɗan motsa. A haɗe-haɗen ƙyalle milimita biyu ma sai ta nuna kanta a kusurwa idan an jera layi goma. Da rularki za ki riƙa awo, layin tabarma na daidaita ƙyalle ne kawai.

Maman 'Yan Biyu, Kano:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Malam, na yi gwajin, duka biyun ne, rezar ma tana tsallake a tazara. Na sa sabuwa. Kilinar kuma ta yi aiki sosai, koren ya fito. Injiniya, farce yana nutsewa. Saura ramukan: in goge su da sanfefa?

Malam Tela, Zariya:
Madalla. Sanfefa mai laushi sosai za ta iya kwantar da bakin ramin da ya tashi yana kama ƙyalle, a hankali, iya wurin kawai. Ba za ta cike shi ba, za ta kuma tafi da layin awo. Abin da ya fi, ki juya tabarmar, gefen da ke nesa da ke ya dawo gabanki, ko ki kifa ta ki yi aiki da bayanta in shi ma mai laushin ne. Ki sa wa ramukan alama da alƙalamin maka, ki riƙa ajiye ƙyalle inci ɗaya ko biyu gefe da su, kuma ki daina faro yanka a layi ɗaya kullum. Faiba ki yanka ta da almakashi, ita ce ke cusa zare. Rezar ta tsaya a miƙe, in ta kwanta gefe tsagar ba ta haɗewa.

Hajiya Mai Jakunkuna, Maraɗi:
Ranar da ta ƙare gaba ɗaya ma kar a kai ta bola. Ki yanke gefunan da ke da lafiya su zama ƙananan tabarmi na kusa da keke, tsakiyar kuma a sa a gindin jaka, ta fi kwali nesa ba kusa ba tunda ba ta jin ruwa. Wajen ajiya ki kwantar da ita ƙarƙashin katifa ko kan tebur, nesa da taga. Tsohuwar rezar ki naɗe ta da salatif kafin ki yar, saboda 'yan biyu.