Me ya sa da hadari ya haɗo sai sabis ya ɗauke?

MaiPOS_Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min. POS nake yi a Kurna, kuma bana abin nan ya ishe ni, da zarar hadari ya haɗo iska ta taso sai sabis ya fara rawa, ruwa na sauka kuwa shikenan, a yi transifa kuɗi ya fita a wajen mutum ni ban ga alat ba, ga kwastoma tsaye yana kallona kamar ni na riƙe. Ran Juma'a wata baiwar Allah ta zo cirar kuɗin maganin ɗanta, ta yi ta jira har ta haƙura ta tafi, abin ya tsaya min a rai wallahi. Ƙanina da ke karatu a BUK ya ce wai sauyin yanayi ne. To ni dai ban gane ba, me ya haɗa ɗumamar duniya da ƙarfen sabis?

MaiGyaranEriya:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ƙaninka bai yi ƙarya ba, aikina ke nan, hawa ƙarfen nan. Ka lura da wani abu zagayayye kamar ganga da ke maƙale a jikinsa? Shi ke harba saƙo zuwa wani ƙarfen, shi ma ya miƙa gaba. In ruwa ya yi ƙarfi sosai ɗigon ruwan na shanye saƙon a hanya, kamar dai yadda hoton dish ke tsayawa in ana ruwa kana kallon ƙwallo. Iska mai ƙarfi kuma in ta ɗan karkatar da gangar nan ya daina saiti da ɗan uwansa, to duk unguwannin da ke rataye da shi sun shiga uku sai mun hau mun gyara, kuma ba mai hawa ana walƙiya.

Amma ni abin da ya fi damuna zafi ne, shi ba a ganin ɓarnarsa. Batiran da ke riƙe ƙarfen in an ɗauke wuta, irin na dalma, a wajen digiri 25 suke so su zauna, duk ƙarin digiri 10 kusan rabin shekarunsu yake cinyewa. Mu kuwa a Kano watan Afrilu ana wuce 40. Kenan bazara ta gama gasa batir, hunturu dama ya toshe matatar janareta da ƙura ya lulluɓe sola, sai damina ta zo a ɗauke wuta saboda iska, batirin da ya kamata ya yi awanni ya mutu nan da nan. Ga inda sauyin yanayi ya shigo: iska in ta ƙara zafi da digiri 1 tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan da a da zai sauka a hankali yanzu yake juyewa lokaci guda.

Dattijo_Fagge:
Malam na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma kar a ɗora wa yanayi komai. Sau nawa ake haƙa titi a datse wayar fayiba, wato wayar da ake binnewa a ƙasa tana ɗaukar kira da data, rana tsaka ba ko gajimare? Ga masu satar man gas da batir a gindin ƙarfe. Ai saboda irin wannan ne a 2024 gwamnatin tarayya ta saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, to mai biya yana da haƙƙin ya ga an sa kaya masu jure zafinmu. Sannan ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022, sama ce kaɗai ta jawo? Mu muka toshe magudanan ruwa da leda, muka yi gini a kan hanyar ruwa.

Maman_Hanifa:
Ni abin ya wuce maganar transifa a wajena. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, yayata na can, kwana biyu ina kiranta ba ya shiga, ban iya cin abinci ba sai da ta kira ni da wayar wani. Ranar da aka fi buƙatar waya ranar take ɗaukewa. Dan Allah Malam mai gyara, in irin haka ta faru a nan, Allah ya kiyaye, me mutum zai yi?

MaiGyaranEriya:
Baba gaskiyarka, yankan fayiba da sata suna nan, sai dai suna haɗuwa ne da matsalar yanayin, ruwa ya zaizaye gefen titi wayar ta fito fili, gobe mota ko ɓarawo ya ƙarasa. Mu abin da muke ta faɗa wa na sama shi ne a ɗaga kayan wuta daga ƙasa a unguwannin da ruwa ke kwanciya, a koma batirin litiyom da ya fi jure zafi.

Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. In kira ya ƙi shiga ki tura tes, shi ɗan sabis kaɗan ya ishe shi kuma yakan jira ya shige daga baya. Kai kuma mai POS ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, amma ka sani sau da yawa ƙarfe ɗaya suke haya, in wutarsa ta mutu duka za su tafi. In hukumar hasashen yanayi, NiMet, ta yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi ka caja komai tun da safe.

MaiPOS_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ashe shi ya sa layukana biyu ke mutuwa tare. Gobe zan gwada na uku in gani ko shi a wani ƙarfen yake.