Yashin auna shekaru: wa rana ta taɓa ɓata wa aiki?

Na Bagalam: Salamu alaikum ƴan'uwa. Bara na raka malaminmu ɗibar yashi a gaɓar Gulbin Maradi, wanda za a aika waje a auna tun yaushe ya kwanta. Muka buga tiyon ƙarfe a jikin gaɓa, ina zarowa sai yashin ya zubo mini a tafin hannu, rana tsaka. Na ce mu mayar. Malam ya ce zubar, ya mutu. Raina ya ɓaci, don ni a idona yashi yashi ne. Akwai wanda haka ta same shi?

Malam Mai Duwatsu: Ƙanena, malaminka ya yi daidai. Ƙwayar yashi, wato kwaz, in tana binne tana shan wani tururi da ido ba ya gani, daga sinadaran uraniyom da toriyom da fotasiyom na ƙasar da ke kewaye da ita. Tana tarawa kaɗan-kaɗan kamar asusu. Hasken rana ke fasa asusun, cikin ƴan daƙiƙoƙi kuwa. A labo ana haska ta da shuɗin haske, a auna ƙyallin da ta saki, a raba da abin da take sha a shekara. Amsar ita ce rabonta da rana. Huntley da abokansa suka fito da dabarar a Kanada a 1985. Da na je koyo, a ɗaki mai jar fitila muka yi aiki, mako guda ina karo da kujeru. Yashin bakin tiyo ma ba a haska shi, na tsakiya ake ɗauka.

Ƴar Tibiri: Ni tawa matsalar rana ce ba ta isa ba. Sakamako ya dawo, yashin sama ya girmi na ƙasa, abin da ba ya yiwuwa. Ashe na ambaliya ne. Kun san gulbi in ya kawo, jawur yake da laka, sau da yawa ma cikin dare. Ƙwayar da ta taho a ƙarƙashin wannan ruwa ba ta ga haske sosai ba, da tsohon asusunta ta kwanta. Kakata tana ba mu labarin ruwan 1945 da ya sa gari ya hau tudu. Yashin da ya bari shekararsa wajen 80 ke nan, amma in aka auna shi a dunƙule zai iya nuna ɗaruruwa. Sai da aka bi namu ƙwaya-ƙwaya, aka riƙe masu ƙarancin shekaru. Na jigawa bai ba mu wannan wahala ba, iska ta shanya shi sarai kafin ya binne.

Mai Rijiya: Ni ba ɗan lakwal ba ne, haƙa nake. Sun ɗauke ni aiki wajen Madarunfa, ƙasar ta yi tauri tiyo ya ƙi shiga, aka ce sai dare, a ƙarƙashin baƙar leda. Muna tsaka da yi wani yaro ya kunna fitilar salula yana neman takalminsa. Zo ka ga salati! Sabon rami muka soma. Malam, gara fa? Na sha ganin hanyarta gaba biyu a ƙasa.

Malam Mai Duwatsu: Baba, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Gara da tururuwa na sauke yashin da ya sha rana zuwa ƙasa, sai wuri ya nuna yarinta. In na ga ramukanta a bango, matsawa nake gaba.

Na Bagalam: To na huce. Tiyon farko dai har yanzu yana gidanmu, Inna ta tokare ƙofar akurki da shi.