An ce sai an cire wa mahaifinmu maƙwallato saboda ciwon dajin ƙasan maƙogwaro

Ɗan Funtuwa: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya haura shekara sittin, ya daɗe yana fama da wahalar haɗiya da ciwon kunne ɗaya, har mutanen gida suka ɗauka hakin wuya ne. Da kaluluwa ta fito masa a wuya muka kai shi asibiti, aka ɗebi tsoka aka auna, aka tabbatar ciwon daji ne a ƙasan maƙogwaro. Likitoci sun ce za su cire wurin tare da maƙwallato, su bar masa ƙofa a wuya da zai riƙa numfashi ta cikinta har ƙarshen rayuwarsa. Baba ya ƙi amincewa, domin yana tsoron rasa muryar da yake karatun salla da ita. Shin babu wata hanya sai wannan tiyata?

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wurin da ake magana yana bayan maƙwallato da gefensa, daidai inda hanyar abinci take rabuwa da hanyar iska, kuma saboda yana da ɗan lungu a kowane gefe, ciwon yakan girma a ɓoye kafin ya nuna alama. Shi ya sa yawancin masu shi suke zuwa bayan ya riga ya kai ga kaluluwar wuya. Ciwon kunnen nan ma daga maƙogwaro yake, jijiya ce take kai zafin can.

Wata hanyar tana nan, amma ba kowa take yi wa aiki ba. A 1996 aka wallafa sakamakon wani babban bincike na ƙasashen Turai da ya nuna cewa, ga waɗanda ciwonsu ya ja baya da kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin daji, ana iya bi da gashi na na'ura, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a bar musu maƙwallato ba tare da an rage musu tsawon kwana ba. Sai dai idan hoto ya nuna ciwon ya ci guringuntsin maƙwallato, ko kuwa abinci ya fara zarcewa huhu saboda maƙwallaton ya daina rufewa, to barinsa ba shi da amfani, domin mutum zai zauna da abin da ba ya aiki kuma ciwo na cikinsa. Wannan ita ce tambayar da nake so ku yi wa likitocinsa kai tsaye: ciwon ya taɓa guringuntsi ko bai taɓa ba?

Idan tiyatar ce, za a cire kaluluwar wuya a lokaci guda, sannan a gina sabuwar hanyar abinci da fata da tsokar da aka ɗebo daga ƙirji, ko damtse, ko cinya, wani lokaci da yankin hanji. Bayan haka galibi akan bi da gashi na mako shida zuwa bakwai, wanda ake son farawa cikin mako shida da yin aikin, saboda haka ku nemi gurbi tun yanzu a inda ake da na'urar, kamar asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato, ko Asibitin Ƙasa na Abuja.

Ma'aikaciyar jinya: Ina so in ƙara abin da iyali za su gani da idonsu. Kusan mako biyu Baba zai yi ana ba shi abinci ta robar hanci, don ɗinkin ya kama, domin babbar matsalar da muke gudu ita ce yawu ya yi yoyo ta wuya, kuma ta fi samun wanda ya rame ko jininsa ya yi ƙasa. Don haka ku dage da ciyar da shi tun yau, kunun gyaɗa, madara, ƙwai, duk abin da zai iya haɗiya. A gida kuma dole a kiyaye ruwa kada ya shiga ƙofar wuyan lokacin wanka, a rufe ta da ƙyalle mai tsafta, musamman da hunturu, saboda iska ta daina bi ta hanci balle ya tace ƙura.

Yayarku daga Maraɗi: Ƙanena, mijina an yi masa irin wannan aikin, kuma yana magana. Akwai ƙaramin bawul da ake sakawa tsakanin hanyar iska da ta abinci, ya toshe ƙofar da yatsa sai sauti ya fito, mai kauri amma ana fahimta sarai. Wasu kuma na'ura suke dafawa a wuya. Bawul ɗin yana buƙatar canji bayan 'yan watanni kuma da kuɗi, don haka ku tambaya ko ana samunsa a asibitinku. Game da salla, malamin unguwarmu ya zo har gida ya yi masa bayanin hukuncin mai lalura, kuma daga ranar hankalinsa ya kwanta. Ku kai wa Baba malamin da ya yarda da shi.

Ɗan Funtuwa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin za mu koma asibiti da hoton, zan yi tambayar guringuntsin a gaban Baba don ya ji amsar da kunnensa. Yaya, idan maigidanki zai yarda su yi magana da Baba ta waya, ina roƙon a taimaka mana.